Ba a Ganin Fili da Rani

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani Magini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mana, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'imarSa, ina rubuto maka ne don in sanar da kai halin da gida yake ciki. Na san takarda ba ta shiga kabari, addu'a ce take shiga. To amma rubutu ne sana'ata, kuma akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa sai kai.

Ranar Laraba ma'aikatan filaye sun zo unguwarmu da safiyo mai awon ƙasa da gwangwanin jan fenti. Sun shafa alama a jikin gidajen da aka gina a kan Ramin Magina. Gidan ɗanka Nasiru yana ciki. Alamar tana gefen ƙofar shiga, hannun dama, daidai kafaɗata.

Ba a ce za a rushe ba, ba a kuma ce za a bari ba. Safiyon ya ce ma'anar alamar ita ce gidan yana kan hanyar ruwa a taswirar da suke zanawa, hukunci kuwa ba a hannunsa yake ba. Nasiru da matarsa Hadiza da 'ya'yansu uku suna wajen Inna, a ɗakinka, tun babban ruwan tsakiyar damina. Kowa lafiya. Na san wannan za ka fara tambaya, shi ya sa na gabatar da shi.

Zan sa wasiƙar nan inda jama'a za su karanta, saboda haka ka yi mini haƙuri idan na maimaita abin da ka fi ni sani.

Ramin Magina kududdufi ne a bayan gidanmu, gindin dutse. Kakanka da abokan sana'arsa ne suka haƙa shi garin ɗibar ƙasar gini, har ya zama abin da ya zama. Kusan kowace katanga ta tsohuwar unguwa daga cikinsa ta fito. Duwatsun Kazaure kuwa ba sa shan ruwa. Abin da ya sauka a kansu gangarowa yake yi nan take, ya haɗu da na indararon gidaje, ya bi lungu ya faɗa ramin. Kai kakan ce, "Duk gidan da kika gani a tsaye, akwai ramin da ya bari a baya. Gida ya zubar, rami ya sha. Tare aka haife su, kada a raba su."

Ina tuna yadda kake yi idan hadari ya haɗo. Kowa yana kwashe shanya yana shiga ɗaki, kai kuwa sai ka naɗe ƙafar wando, ka kifa buhu a ka, ka fita. Inna takan leƙo ta ce, "Mutane suna gudun ruwa, Malam yana bin sa kamar ya ci masa amana." Filin da aka ba ka aikin gini kake zuwa dubawa. Kakan tsaya cikin ruwan ka ga ta inda yake shigowa, da inda yake tsayawa, da inda yake fita. Idan ya ɗauke sai ka bi layin tarkacen da ya bari, guntun kara da leda da kashin awaki, ka jera duwatsu a kansa. Ka ce ruwa ba ya barin wuri sai ya sa hannu.

Kana da wasu alamomin. Ƙasar da take tsattsagewa da rani ba ka yarda da ita. Idan ka ga suri ya yi tsayi a fili, ranka yakan yi daɗi. Bishiyar giyayya kuwa, cewa kake, "Inda ta yi ƙiba, ka gaishe ta ka wuce." Amma babbar dokarka ɗaya ce, kuma duk unguwa an san ta: ba a ganin fili da rani. Idan babu wanda ya taɓa ganin wurin cikin ruwa, ba ka sa harsashi sai damina ta zo ta wuce.

Ba zan ɓoye maka ba, mun sha jin kunyar wannan doka.

Akwai wani Alhaji mai fataucin gyaɗa da ya zo daga hanyar Roni, ana tsakiyar zafi, yana son gida kafin Babbar Sallah. Ina ɗauke da butar alwalarka zan shiga zaure na ji ka tambaye shi ko akwai wanda ya ga filin da damina. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Malam Sani, gini na ce ka yi mini ko duba?" Daga ranar sunan Jira-Damina ya bi ka. Alhajin ya tafi wajen masu bulo suka yi masa. Mu kuma a makaranta muka zama 'ya'yan Jira-Damina, kuma Sallar ta zo ta wuce ba mu ga sabon ɗinki ba. Na yi kwana biyu ba na kallon idonka.

Aikina ya koya mini kada in faɗi rabin labari, don haka dole in ƙara da cewa gidan Alhajin yana nan a tsaye har yau. Ya ɗaga dandamalinsa sau biyu, ruwan ya koma gidajen da suke ƙasa da shi. Da aka ba ka labari, ba ka yi murna ba, ba ka kuma ce ai ka faɗa ba. Cewa kawai ka yi, "Ruwan da ka kora daga ƙofarka bai mutu ba, ƙofar wani ya nufa."

Sai zamani ya juya. Bulo da siminti da kwano suka karɓe gari, aka daina ɗibar ƙasa a ramin, ya koma juji. Da damina ruwansa ya zama kore, sauro ya yi gida, warinsa yana shigowa har tsakar gida. Sauran gidajen magina da suke da gefe a ramin suka cike nasu ɗaya bayan ɗaya, suka yanka filaye. Ramin yana ta ƙanƙancewa har ya rage namu gefen kaɗai. Mai unguwa ya zo da kansa ya roƙe ka. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, a kwashe sharar, a bar ramin."

A lokacin na fara aiki a gidan rediyo. Da bakina na sha karanta sanarwar ma'aikatan lafiya, a share kwatoci, a cike wuraren da ruwa yake kwanciya. Da na zo hutun Sallah sai na tasa ka a gaba da abin da na karanto. Na ce yanzu akwai kwalbati, akwai magudanar siminti, duniya ta wuce zamanin kududdufi. Ka saurare ni har na gama, kana ɓare goro. Sannan ka ce, "Uwata, na ji. Magudanar nan taku, idan ta ɗauki ruwan, ina za ta kai shi?"

Na canza magana, kai kuma ka ƙyale ni na canza.

Har yanzu ban ce duk abin da na faɗa ranar kuskure ba ne. Sauron gaskiya ne. Babu daminar da ban kwanta da zazzaɓi ba ina yarinya, kai kake goya ni zuwa asibiti. Maganar ma'aikatan lafiya daidai ce, taka ma daidai ce, kuma ba a samu wanda ya zaunar da ku wuri ɗaya ba. Ni da nake da kunne a ɓangarorin biyu, ɗaya na zaɓa don ya fi kama da ilimi.

Yanzu zan faɗa maka abin da ya faru bayanka, wanda ba ka gani ba.

Ka rasu da shigowar sanyi. Kamar yadda aka saba a danginmu, ba a taɓa maganar gado ba sai da Inna ta fita takaba. Ka ƙirga wata huɗu da kwana goma daga nan, za ka ga inda muka faɗa: tsakiyar rani, lokacin da ko rijiya sai an ƙara mata igiya. Ƙaninka Baffa Ilu ya zo da malami da shaidu biyu da igiyar awo. Aka fitar wa Inna tumuninta a cikin gida, muka amince ta ci gaba da zama a ciki. Abin da ya rage fili biyu ne. Akwai gefenmu na ramin, mai faɗi, a bushe ƙayau, rabinsa shara ta riga ta cike. Akwai kuma ɗan tudun nan na jikin dutse inda kake shanya tubali.

Mu biyu ne, namiji da mace. Aka ja igiya a ramin, aka ja a tudun. Sai ga ramin ya kusa ninka tudun daidai. Baffa Ilu ya ɗaga hannu ya ce, "Kun gani ko? Allah Ya riga Ya raba, mu shaida kawai muka zo." Kowa ya ji daɗi, don ba a cika samun rabon da ya zo da sauƙi haka ba. Nasiru ya dube ni yana dariya ya ce, "Yaya Rabi, sai haƙuri. An ba ki wurin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau."

Inna tana bayan labule. Ta ce, "Ilu, Malam fa ya ce kada a taɓa ramin nan." Baffa ya ce, "Yaya, Malam ya yi zamaninsa, Allah Ya jiƙansa. Yaro yana son wurin da zai sa iyalinsa." Daga nan sai duk suka juyo suka dube ni, saboda ni ce wadda ta yi karatu. Na ce idan aka zuba marmara aka danne da kyau, babu matsala. Da waɗannan kalmomin na faɗa, ban manta ko ɗaya ba. Na sa hannu a takardar.

Rabon da Allah Ya tsara babu kuskure a cikinsa. Awonmu ne ya gaza. Igiya ta san tsawo, ta san faɗi, ba ta san tudu da kwari ba. Muka ba Nasiru ninki biyu na kwari, aka ba ni kashi ɗaya na tudu, muka tashi muna ganin shi ne ya samu babban rabo. Kuma duk wannan da rani muka yi shi, mu 'ya'yan Jira-Damina.

Da ka ga yadda ya gina gidan, da ka yi alfahari da shi. Shekara huɗu yana jan adaidaita tsakanin Kazaure da Roni, yana tara bulo kaɗan-kaɗan a gefen filin. Tifa ta yi ta juye marmara a kan tsohuwar shara. Ya yi ɗaki uku da ɗan zaure, ya shafa shuɗin fenti don Hadiza ta ce shi take so, ya dasa mangwaro a tsakar gida. Bai yi gini a ɓoye ba, yana da takardarsa mai hatimi. Na karanta ta kwanan nan, a tsanake. Akwai tsawon filin da faɗinsa. Akwai sunan maƙwabcin gabas da na yamma da na kudu da na arewa. Babu layi ko ɗaya da ya tambayi ta ina ruwa yake bi, alhali shi ne maƙwabcin da ya riga kowa zama a wurin.

Damina biyu suka wuce lafiya, ruwa ya tsaya a bakin ƙofa ya janye. Har muka fara mantawa.

A ta uku, wata Asabar bayan azahar, ina ɗakin labarai a Dutse ina gyara rahoto, sai ga wayar Hadiza. Ta ce, "Yaya Rabi, ruwa yana fitowa daga ƙasan ɗaki. Ba ta ƙofa ba, wallahi daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa." Ka san abin da na yi? Tambayoyin 'yan jarida na fara yi mata, ƙarfe nawa ya fara, ina ya kai. Sai da na ji kukan ƙaramar a bayanta sannan na dawo hayyacina, na ce ta bar komai ta kwashi yara zuwa wajen Inna. Ta goya ɗaya, ta riƙo biyu, ruwa yana dukan gwiwarta.

Nasiru yana Roni da fasinja, ƙorama ta tare hanya, bai iso ba sai bayan la'asar. Ya tarar da ruwa har ƙugunsa a cikin ɗakin da ya ɗaura wa labule da hannunsa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma da ruwan ya janye, daɓen ɗaki biyu ya lotsa, bangon baya ya tsage tun daga sama har ƙasa, ƙofa ta daina rufuwa. Warin tsohuwar sharar da muka binne ya taso ya cika gidan.

Akwai abin da ya fi wannan yi mini nauyi. Ruwan bai tsaya a sababbin gidaje ba. Da ya zo bai tarar da ramin ba, sai ya koma baya ya shiga tsohuwar unguwa, gidajen da ba su taɓa ganin ruwa ba. A tsakar gidanmu ya kai idon sawu. Katangar Iya Tabawa mai daddawa, wadda kai ka gina mata tun kafin a haife ni, ta jiƙe daga gindi ta kwanta. Na je yi mata jaje. Ta riƙe hannuna ta ce, "Katangar babanki ba ta taɓa rusuna wa kowa ba, sai bana." Har yau tana gaishe mu kamar da, tana aiko wa Inna daddawa. Da ta yi mana faɗa, da sai ya fi mini sauƙi. Gefenmu ne baki na ƙarshe da ramin yake sha da shi, mu muka toshe.

Tun daga ranar na koma kan littattafan masu tsara gari, na karanta abin da na samu. Da dogon Turanci suke faɗa, amma maganarka ce. Sun ce ruwan sama shi kaɗai ba bala'i ba ne, sai ya tarar da mutum a kan hanyarsa, mutumin da ba shi da wani wurin zuwa. Sun ce kafin a yanka fili ko ɗaya, ana fara zana inda ruwa yake bi da inda yake kwana, a bar masa nasa, sannan a fitar da titi, sannan gidaje. Sun ce kada a dogara da daminar bara ko ta bara waccan, a nemi mafi girma da tsofaffi suka taɓa gani. Mu daga ƙarshe muke farawa. A yanka, a gina, a tare, sannan ruwa ya zo ya nuna inda ya kamata a ce an bari.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A tafiye-tafiyen aiki na ga irinsa a bakin garuruwa wajen Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, kududdufin da na sani ina yarinya ya zama jerin shaguna, gida a bakin kwazazzabon da yake ƙara ci kowace damina. A nan Kazaure ma gidaje suna ta hawa gindin duwatsu. A da, idan irin wannan rahoto ya zo teburina, nakan rubuta cewa mutane sun yi gini a kan hanyar ruwa, in wuce, kamar ganganci ne ya kai su. Yanzu hannuna ba ya iya rubuta jimlar haka kawai. Gari ya cika, dutse ya tare gefe ɗaya, gonaki sun tare ɗayan. Wanda ya gina a kwari, galibi kwarin ne abin da ya samu. Na san ɗaya daga cikinsu, ni na sa hannu aka ba shi.

Bari in koma kan ranar Laraba, don akwai abin da nake so ka ji.

Safiyon matashi ne mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gaida Inna. Ya nuna mana taswirarsa a na'ura, hoton unguwar daga sama. Rufin kwano ne kawai jere, babu alamar an taɓa yin rami a wurin. Ya ce na'urar tana gaya masa inda ƙasa ta yi kwari, amma yana son wanda ya ga ruwan da idonsa a shekarun baya. Inna ta yafa mayafi ta ce ya biyo ta. Matar da ƙafa take hana ta zuwa unguwa, ita ce ta zagaya da shi lungu-lungu, tana nuni da sanda: nan bakin ramin yake, nan mata suke wanki, nan ruwan yake shigowa. Ta kai shi gindin tsamiya, ta sa aka share ƙasa. Duwatsunka uku suna nan a jere, waɗanda ka sa a shekarar da ruwa ya fi kowace shekara hawa.

Ya auna, ya duba na'urarsa, ya sake aunawa. Ya ce tsakanin layin ruwan da ya zana da duwatsunka bai kai kamu ɗaya ba. Sannan ya ce, "Hajiya, da an rubuta wannan tun tuni, da an huta." Inna ta nuna ni da sandar ta ce, "Ga marubuciyar nan a tsaye."

Gaskiya ta faɗa, Baba.

Da suka zo shafa fentin, Nasiru yana tsaye ya harɗe hannu. Na ji tsoron abin da zai yi. Ya bari sai da aka gama, sannan ya ce wa safiyon, "Yallaɓai, lokacin da nake juye marmara a nan, tifa tana shiga tana fita a gaban kowa, ina kuke?" Matashin ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi, Malam, ina makaranta." Nasiru ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa. Ita ce dariyar farko da na ji daga bakinsa tun ranar ruwan. Ya sa Hadiza ta kawo musu ruwan sha.

Washegari da safe, bayan mun karya, na ce masa ya karɓi tudun. Na riga na yi shawara da maigidana. Mu a Dutse muke zaune, wurin yana nan babu abin da nake yi da shi sai ciyawa. Nasiru ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaya, gado ba a mayar da shi. In karɓi rabon mace, a ce me a tasha?" Na ce ba mayarwa nake yi ba, kyauta ce, kuma 'yan tasha ba su ne suka ɗauko yara cikin ruwa ba. Inna ta ce, "Karɓi, kai. Girman kai ba ya tare ruwa." Baffa Ilu ya tsufa sosai, da ƙyar yake fita, amma da labari ya kai masa sai ga shi da sandarsa. Ya ce shi zai zama shaida. Ya ce, "Ni na riƙe igiyar nan. Ku bar ni in riƙe alƙalami kafin in je in tarar da Malam."

Tudun ƙarami ne, ka fi kowa sani. Ɗaki biyu da madafa zai ɗauka, sai an fasa dutse a gefe ɗaya, kuma adaidaita ba za ta hau har ƙofa ba. Nasiru ya hau shi kaɗai, mu muna ƙasa muna kallo. Ya zagaya sau biyu. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon dutsen da yake samansa, yana bin wata tsaga da ido har inda ta sauko. Sai ya tsinci duwatsu ya jera a wuri uku, ya sauko yana kaɗe hannu.

Na ce, "To, yaya? A kira masu harsashi?"

Ya ce, "Na gode, Yaya, Allah Ya saka. Amma damina ta wuce. Ba a ganin fili da rani."

Inna ta juya baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuma na tsaya ina kallon tafin hannunsa da jar ƙasa a jiki, irin yadda naka yake idan ka dawo da yamma ka dafa kaina, ƙanshin ƙasa da makubar yaɓe yana tashi.

Saboda haka za su ci gaba da zama a ɗakinka har ruwa ya sauka. Wurin ya yi musu kaɗan, Hadiza tana haƙuri, yaran kuwa daɗi suke ji don Inna ba ta hana su komai. Gero ya shiga rumbu, ana jiran dawa. Mun haɗa hannu da Nasiru za a tayar wa Iya Tabawa katangarta kafin sanyi ya yi ƙarfi, ya ce da hannunsa zai kwaɓa ƙasar. Ni kuma na fara bin tsofaffin magina da na'urar ɗaukar magana, ina tambayarsu inda ramuka suke a da, da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Kaɗan suka rage. Ɗaya daga cikinsu ba ya ji sosai, amma da na ambaci sunanka ya yi murmushi ya ce, "Jira-Damina!" Abin da na tara zan kai wa safiyon. Duk jami'in da ya zauna a gabana yanzu yana maganar sabuwar magudana, tambayarka nake yi masa, ina za ta kai shi. Wasu suna da amsa. Wasu suna canza magana, kuma ba na ƙyale su.

Baba, ka yafe mini. Ka ba ni sunan mahaifiyarka, ba ka taɓa kirana da shi ba don kunya, sai Uwata. Ka tura ni makaranta da hannun da yake kwaɓa ƙasa, na dawo ina yi maka gyara. Ba ka taɓa nuna ka ji zafi ba. Ranar da kake buƙatar mutum ɗaya ya tsaya a kan maganarka, ba ka nan, ni kuma ina nan, ban tsaya ba. Ina kewarka, musamman idan hadari ya haɗo.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka Ya sanyaya shi. Duk katangar da ka gina ta suturta wani, Allah Ya sa ta zama maka sutura ranar da babu wata sai tasa. Ya ba Inna lafiya, Ya ba Nasiru da iyalinsa matsuguni mai aminci, da duk wanda aka shafa wa jan fenti a ƙofa. Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu hankalin bar mata hanyarta. Amin.

'Yarka,
Rabi, Uwarka.

Ƙari: Na kira safiyon yau da safe kan maganar tudun. Ya ce a awonsa wurin ba ya cikin jan layin hanyar ruwa, amma taswirar tana gaban manyansa, ba a sa mata hannu ba tukuna. Duwatsun Nasiru suna nan inda ya jera su. Har zuwa lokacin da na rufe wasiƙar nan, ba a tabbatar ba.